Ɗanbaba Ya Kai Tunkiya Sayen Bishiya

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka in na faɗi halinsa babu mai cewa na yi gulma. Ɗanbaba ya kai shekara sittin da shida a duniya bai taɓa dasa ko tsinke ba. Sara kam ya sara. Tun muna ruga a bayan Bukuru, shi ake turawa saman bishiyoyin maɗaci da kawo in rani ya yi tsanani. Ya hau da adda a ƙugu, ya yi ta zubo wa shanu rassa har sai ya bar bishiyar tsirara, sannan ya sauko ya nemi ta gaba. A wurinsa bishiyoyin duniya iri biyu ne, wadda dabba ke ci da ta banza.

Shanun sun ƙare yadda suka ƙare wa mutane da yawa. Wasu ciwo ya kashe, wasu aka kora, sauran aka sayar aka yi hidima. Ya kwaso matarsa Adda Kulu da yara suka shigo Jos, ya sami ɗan gida a gefen Tudun Wada, dab da titi, ya koma turkar raguna. Ya sayo ramammu a kasuwar kara, ya kiwata su a bayan gida, ya sayar da layya. Ni kuma da mijina ya rasu na dawo gidan da ke bayan nasu. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da turken ragunansa.

Lokacin da ya shiga gidan akwai mangwaro biyu da ceɗiya a ƙofar. Shekara bakwai suka yi a hannunsa. Raguna suka cinye su reshe-reshe, Adda ta yi girki da kututturan.

To gidan nan a gindin hawa yake. Duk tifa da tirelar da za ta haura, a daidai tagar Adda Kulu direba ke danna mai, salansa ta fesa baƙin hayaƙi. Ga 'yan keke, ga kuma Oga Nnadozie mai gyaran janareta da ya buɗe shago a jikin katanga. Mutum ne mai kirki, amma ba ya yarda ya gyara inji sai ya bar shi yana ruri rabin awa ya ji muryarsa. In ka shanya farin kaya da safe, kafin azahar sun nemi wani wankin.

Tarin Adda ya fara kaɗan-kaɗan. Aka sha zuma, aka sha citta, aka sha abin da bai da suna. Sai wata rana tana tsakiyar tankaɗe numfashi ya tsaya mata, muka ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibiti. Suka ce asma ce, suka ba ta ɗan abin nan da ake fesawa a baki, suka tambayi inda take kwana. Da aka gaya wa likitan, sai ya ajiye biro ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Autansu Salim yana aikin gwamnati, yana haya a Rayfield da matarsa Zakiyya. Shi ya wuce da uwarsa can ta huta. Sati biyu ta yi, ta dawo fes, har da ƙiba. Kwana huɗu da dawowarta aka sake komawa asibiti. A nan Salim ya cire kunya ya ce wa ubansa Inna ba za ta ƙara zama a bakin titin nan ba, in Baffa yana so akwai ɗaki a baya, su taho tare.

Yaya ya tambaya ko akwai wurin turke. Aka ce mai gidan ko kaza ba ya bari a ajiye. Ya ce to shi bai taɓa kwana inda babu dabba ba, kuma ba a haife shi don ya zauna a bayan gidan ɗansa yana jiran a miƙo masa tuwo ba. Salim ya ce shi ke nan, Inna kaɗai zai ɗauka. Aka tafi da ita ranar Laraba.

Shekara arba'in da huɗu suna tare, in ka cire goyon ciki ba su taɓa raba gida ba. Ba mai yawan magana da ita ba ne, in ka gan su zaune sai ka ce sun yi faɗa. Amma ranar da ta tafi, na kai masa abinci na tarar da shi tsaye a tsakar gida da bokitin dusa a hannu, ya manta inda zai kai. Tausayinsa ya kama ni, sai na rufe shi da faɗa na ce ya zauna ya ci.

Ranar Juma'a ya tafi duba ta. Ya zagaya unguwar da ƙafa, ya dawo ya ce wa surukarsa shi bai ga bambanci ba, sama ɗaya ce, motoci ma sun fi yawa a gidajen nan. Zakiyya malamar makaranta ce, ba ta gajiya da bayani. Ta ce bishiyoyin ne, ganye na tare ƙurar hayaƙi kafin ta shiga gida. Yaya ba ya yarda da maganar da bai taɓa da hannu ba. Ya fita bakin babban titi, ya kamo ganyen shingen wani gida ya goga a hannun farar rigarsa, ya ga baƙi. Ya roƙi maigadi ya bar shi ya shiga, ya goga na cikin gida, ya ga babu komai. Ya dawo ya nuna wa Adda hannun rigar. Ta ce, wa zai wanke?

A nan ya yanke shawara shi kaɗai. Zai dasa bishiyoyi tsakanin titi da tagarta, in sun tashi ta dawo. Salim ya ce ya amince, don a ganinsa maganar ba za ta kai damina ba.

Yanzu ku ji yadda ya yi sayayyar. Akwai wani dattijo ɗan Birom, Baba Pwajok, mai sayar da dashe a leda a bakin hanya. Yaya ya tari keke, ya ɗora wata tsohuwar tunkiyarsa a kujerar baya, ya zauna kusa da ita. Na tambaye shi ina za a kai ta. Ya ce zaɓe. Shi fa ba zai zuba ruwansa a gindin bishiyar banza ba, kuma ba shi da hanyar gane ta kirki a cikin leda sai bakin dabba.

Haka ya ja ta layi-layi a lambun mutumin. Abin da ta kai wa baki ya ce a ware masa, abin da ta shinshina ta kau da kai ya wuce. Ta zaɓi zogale, ta zaɓi mangwaro da gwaiba, ta zaɓi wata fulawa mai jan fure, ta cinye guda biyu nan take a tsaye. Baba Pwajok ya tambaye shi sau biyu a ina zai dasa. Ya ce a bakin titi. Ya tambaya ko da awaki a unguwar. Yaya ya ce alhamdulillahi, akwai su da yawa.

Dashe ashirin ya jera. Kwana uku suka yi. Awakin Tudun Wada ba su taɓa ganin mai karamci irinsa ba, har daga tsallaken titi suke zuwa. Ya koma ya sayo wasu, ya kewaye su da kwanduna, suka ci kwandunan suka ci dashen. Karo na uku ragunansa ne da kansu suka tsinke suka gama aikin. Na ce masa, Yaya, wanda ya kira biki ba ya mamakin baƙi. Ya ce in rufe masa baki, ni mace me na sani a harkar daji. Na ce na dai san abin da tunkiya ta ci, ƙanwarta ma za ta ci.

Damina guda ta tafi a haka. Adda na can, yana nan. Da ya koma karo na huɗu, Baba Pwajok ya ƙi sayar masa. Ya ce shi ba ya sayar da 'ya'yansa ga mahauci. In dai da gaske yake, to ya ɗauki abin da tunkiyar ta ƙi, wata siririyar bishiya mai tashi sak, ganyenta a sunkuye tun daga ƙasa har sama, a jera su kusa-kusa su zama bango. Sannan a yi musu shinge da ƙerana.

Sai wanda ya tashi a ruga zai san nauyin wannan magana. Ƙerana ita ce tsiron nan mai ƙaya da farin ruwa, da manoman Filato ke kewaye gonakinsu da shi don shanunmu. Ruwanta in ya shiga idon saniya sai Allah. Tun muna yara muke tsine mata. Yaya ya dawo gida ya yi kwana biyu yana huci, yana cewa shi ɗan Fulani za a ce ya dasa ƙerana a ƙofar gidansa, me zai gaya wa ubanmu a lahira. A rana ta uku Zakiyya ta bugo ta ce Inna ta tambaya ko bishiyoyin sun kai gwiwa. Ya sa takalmi ya fita.

Baba Pwajok da kansa ya zo da rassan a amalanke, ya nuna masa yadda ake kafa su. Suna haƙa suna hira, sai ya fito fili cewa ƙauyensu na kusa da tsohuwar rugarmu. Ya ce akwai shekarar da wasu shanu suka keta shinge suka share wa babansa gonar acca. Yaya ya tambayi launin bajimin da ya ja gaba. Aka ce ja ne mai karyayyen ƙaho. Yaya ya ce Allah sarki, ya ci gaba da haƙa. Baba Pwajok ya dube shi, shi ma ya ci gaba da haƙa. Da azahar suka ci tuwo a kwano ɗaya, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Wannan karon dashen ya kama. Akuya ta zo ta ga ƙaya ta juya. Sai rani ya shigo, rijiyar gidan ta ja baya, ruwan bai isa raguna da bishiyoyi ba. Mutumin da ke turke rago goma sha biyu ya koma shida, sauran ruwan ya bi gindin 'yan birni, haka yake kiransu. Kullum da sassafe yana nan da jarka, yana zuba musu ruwa yana zaginsu, wai ba nono ba nama ba fata, sai tsawo. Oga Nnadozie ya ga wahalar ta yi yawa, matarsa Obiageli kuma ta sa shi a gaba, sai ya haɗa wa salansar gwajinsa dogon bututu ya juya bakin ya kalli rafi. Ya zo ya ce, Baba, ka gaida Mama, ka ce na gyara hali.

Cikin shekara biyu da rabi bishiyoyin suka wuce rufin kwano. Sha takwas ne, a jere, kore shar. Gaskiya gidan ya canza. Ƙarar tifa ta ragu, shanya ta daina baƙi, ni ma da ke baya na ji a maƙogwarona.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. A duk tsawon titin nan babu inuwa sai tasa, sai 'yan keke suka mai da wurin tasha. Su jeru su goma suna jiran fasinja, inji a kunne. Yaya bai yi gardama da kowa ba. Ya ɗauko sandarsa ta kiwo da benci ya zauna a ƙofa, ya ce inuwa kyauta ce ga wanda ya kashe inji. Wanda ya manta, sai ya ji sanda ta taɓa rufin kekensa sau ɗaya. Ba a taɓa kai wa na biyu ba. Cikin wata guda su da kansu suke yi wa baƙo tsawa ya kashe.

Sannan ya aika wa Salim ya zo ya gani. Yaron ya zo, ya zagaya, ya gani. Suka yi sharaɗi: Inna za ta dawo ta yi wata ɗaya. In ta zauna lafiya, ta zauna ke nan. In tarin ya dawo, za a mayar da ita Rayfield, kuma ba za a sake maganar ba har abada.

Ranar da ta dawo, Yaya ya yi aski, ya sa babbar riga, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran gwamna. Ta sauko daga mota ta ɗaga kai ta dubi bishiyoyin, ta dubi ƙeranar, ta dube shi. Ta ce, Malam, ka rame. Ya ce ruwa ne ya yi nisa. Iyakar abin da suka ce ke nan, ni kuwa na shige ciki don kada a ga ina hawaye.

Kwana biyu lafiya lau. A rana ta uku da la'asar sai ga Adda a ɗakina, ta turo ƙofa ta rufe, ta danna fuska a filona ta yi ta tari har jikinta na rawa. Ta ciro abin fesawa daga ƙullin zaninta ta shaƙa. Da numfashi ya dawo ta riƙe hannuna ta ce in rufa mata asiri. Ta ce ya yi sauƙi sosai, ba kamar da ba, da kullum ne dare da rana, yanzu sai ya taru yake zuwa. Ta ce mutumin nan ya ja ruwa shekara uku, ba ita za ta gaya masa bai isa ba.

Haka ta riƙa yi. Ta danne a gabansa, in ya ci ƙarfinta ta ce za ta leƙa Jummare, ni ke nan. Ina kallonta tana zabgewa, leɓenta na sauya launi. Haushi ya ishe ni, haushinta, haushinsa, haushin tifofin, har da bishiyoyin da ba su yi mini komai ba. In na yi shiru, wata rana a ɗakina za ta faɗi. In na yi magana, ni na raba su. Ba na barci, ba na cin abinci, ina ta masifa da jikokina a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A rana ta goma sha ɗaya abin ya yi tsanani, sai da ta fesa sau uku. Ta fita ke nan na ɗauki mayafi na zagaya ta baya, na ce yau duk wadda za a yi a yi. Na same shi a turke, zaune a kan turmi, bayansa jingine da katangar ɗakina. Raguna na ta kuka, dusa na gabansa bai dama ba.

Na buɗe baki zan fara, ya ɗaga mini hannu.

"Sau uku yau," ya ce. "Jiya biyu."

Na ce ashe ya sani.

"Shekara arba'in da bakwai ke nan ina jin tarin matar nan. Ko a tsakiyar kasuwar Taminus ta yi shi zan gane. Katangarki kuma bulo ɗaya ce."

Na tambaye shi me ya sa ya yi shiru. Ya ce ya ga tana ƙoƙari, bai so ya ɓata mata. Yana ta sa ran gobe zai ragu. Sai ya ce in ara masa wayata, tasa ba kati, in kuma nemo masa lambar Salim don idonsa ba ya gani sosai. Da yaron ya ɗauka, Yaya bai ko amsa gaisuwa ba. Ya ce ya zo jibi ya ɗauki uwarsa.

Washegari da safe wata mota ta zo daga kara ta kwashe ragunan shida. Na ɗauka canjin turke zai yi. Da rana na gan shi da Baba Pwajok da shugaban 'yan keken suna bin bishiyoyin ɗaya-ɗaya, yana nuna musu gindi yana magana, shugaban na gyaɗa kai. Ya miƙa wa shugaban jarkokin ruwan da makullin rijiya. Sandar ma ya ba shi. Adda na ɗaki tana haɗa kaya, ni ma ta daina kallona.

Da Salim ya iso, ya tarar da jaka biyu a zaure. Ya ɗauki ta uwarsa, ya tambayi ɗayar ta wa ce. Yaya ya fito da buta da darduma a hammata, ya ce ɗakin bayan nan, yana fatan ba a zuba masa tarkace ba. Salim ya ce, Baffa, ai ka san babu wurin dabba. Ya ce ya sani, ba kurma ba ne.

Adda ta tsaya a bakin mota ba ta shiga ba. 'Yan keke sun jeru a inuwa, inji a kashe, duk suna kallo. Ta dubi gidan, ta dubi layin bishiyoyin daga farko har ƙarshe.

"Malam, su kuma fa?"

"Su ba sa tari," in ji shi. "Shiga mu tafi."

Ta shiga baya, ya zagaya ya shiga kusa da ita. Ya miƙo mini makullin gida ta taga, ya ce in riƙa share zauren.